Sulallan Tunawa da Martabar Jihohi a Ƙasashen Tarayya

Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da gwamnati take bugawa ta rarraba wa jama'a, babu wanda yake shiga hannun mutane da yawa kamar kuɗin ƙarfe. Jarida sai wanda ya iya karatu, kan sarki kuwa sai mai aika wasiƙa. Amma sule yana aljihun malami, yana aljihun ɗan dako, yana kuma hannun yaron da aka aika sayen gishiri. Saboda haka tun zamanin da masu mulki suka gane cewa ɗan filin nan da ke jikin kuɗi wuri ne na isar da saƙo, suka riƙa sa kamanninsu ko sunayensu a kansa domin kowa ya san wanda yake riƙe da ƙasa.

A ƙasashen da suka ƙunshi jihohi ko al'ummomi daban-daban, wannan fili ya kan jawo tambaya mai nauyi, watau wane ɓangare na ƙasa za a nuna, wane kuma za a bari. Wannan lacca za ta duba yadda wasu ƙasashe suka amsa tambayar ta hanyar buga sulallan tunawa, inda kowace jiha take samun nata. Za a fi ba da ƙarfi ga shirin da Amurka ta gudanar daga 1999 zuwa 2008, sa'an nan a kwatanta shi da na ƙasashen Turai, daga bisani a waiwayi kuɗaɗen Nijeriya. Abin da ake so a nuna shi ne cewa nasarar irin wannan shiri ta fi dogara ga ƙa'idojin da aka shimfiɗa masa fiye da kyan zanen da aka yi.

Kuɗin Tunawa Iri Biyu Ne

Kuɗin tunawa shi ne wanda hukuma ta buga da zane na musamman domin tunawa da wani mutum, ko wani wuri, ko wani al'amari na tarihi. Iri na farko shi ne wanda ake buga kaɗan, galibi da azurfa ko zinariya, a sa shi cikin ɗan akwati a sayar wa masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi a kan farashin da ya fi abin da aka rubuta a jikinsa. Irin wannan ba ya zuwa kasuwa, daga gidan buga kuɗi sai akwatin mai hali. Iri na biyu kuwa shi ne wanda ake bugawa da yawa da ƙarfen da aka saba, a zuba shi cikin bankuna, ya shiga hada-hadar yau da kullum a kan darajarsa ta asali.

Amurka ta daɗe tana buga iri na farko. Ta soma a 1892 da sulen rabin dala na bikin baje kolin da aka shirya a birnin Chicago domin tunawa da zuwan Columbus. Zuwa shekarun 1930 abin ya lalace, domin ƙungiyoyi da garuruwa sun riƙa matsa wa Majalisar Dokoki lamba ta ba su izinin buga nasu, su sayar su ci riba, ko da kuwa abin da ake tunawa da shi bai taka kara ya karya ba. Bayan 1954 aka daina buga irin waɗannan sulalla ɗungum, ba a koma ba sai 1982. Darasin da aka koya shi ne, kuɗin da talaka ba zai taɓa riƙewa ba, ba zai koya masa kome ba game da ƙasarsa.

Shirin Jihohi Hamsin na Amurka

Kanada ce ta nuna hanya. A 1992, lokacin da tarayyarta ta cika shekara 125, ta buga sulalla goma sha biyu na senti 25, ɗaya ga kowane lardi ko yanki, aka sake su cikin kasuwa, jama'a kuwa suka karɓe su hannu bibbiyu. Wannan ya ƙarfafa wa masu ra'ayin yin haka a Amurka gwiwa, musamman ɗan Majalisar Wakilai Michael Castle na jihar Delaware, wanda ya tsaya wa al'amarin. Ma'aikatar Baitulmali ta nuna ƙyama da farko, amma daga ƙarshe Majalisa ta zartar da doka, Shugaba Bill Clinton ya sa mata hannu a ranar 1 ga Disamba, 1997.

Sulen da aka zaɓa shi ne na senti 25, watau rubu'in dala, wanda Amurkawa suke kira kwata. An zaɓe shi ne domin yana da faɗin da zai ɗauki zane, kuma kowa yana amfani da shi, a shago da wurin ajiye mota da injin sayar da lemo. Tun 1932 kan George Washington, shugaban ƙasar na farko, yake fuskarsa, gaggafa kuma tana bayansa. Dokar ta bar Washington a inda yake, ta ba jihohi bayan sulen. Ta haka kowane sule ya zama yana ɗauke da alamar tarayya a gefe ɗaya, alamar jiha a ɗaya gefen, kuma ana karɓarsa ko'ina cikin ƙasar. Mutumin Texas zai iya samun sulen Vermont cikin canjinsa, ya kashe shi ba tare da wani ya tambaye shi ba.

Matsala ta farko da masu tsara shirin suka fuskanta ita ce ta jeri. In an soma da jihohi masu yawan jama'a, ƙanana za su ce an raina su. In an bar wa 'yan siyasa su zaɓa, kowace shekara sai an yi cacar baki. Sai doka ta ce za a bi tsarin da jihohin suka amince da tsarin mulki ko suka shiga tarayya, jiha biyar kowace shekara, kowace a buga nata na kimanin mako goma, daga nan ba a ƙara buga shi. Delaware, wadda ta riga kowa amincewa a ranar 7 ga Disamba, 1787, ita ta buɗe a 1999. Hawaii, wadda ta zama jiha a 1959, ita ta rufe a 2008. Tun da tarihi ne ya yanke hukunci, babu jihar da ta sami abin ƙorafi, kuma yaron da ya jera sulallan a kan allonsa ya koyi yadda ƙasarsa ta faɗaɗa daga gabas zuwa yamma ba tare da ya sani ba.

Matsala ta biyu ita ce ta wanda zai zaɓi zane. An ba gwamnan kowace jiha ikon shirya hanyar zaɓe a jiharsa. Wasu sun kafa kwamiti, wasu sun nemi shawarar 'yan makaranta, wasu kuma sun bar jama'a su kaɗa ƙuri'a. Masu zane na gidan buga kuɗi su suka riƙa fitar da zanen ƙarshe, Sakataren Baitulmali ya amince. Har ila yau an gindaya sharuɗɗa. An hana zanen wasa ko wanda bai dace ba, an hana hoton duk mutumin da yake da rai, an hana hoton kai da kafaɗu na kowa, rayayye ko matacce, an kuma hana tutar jiha da hatiminta. Hikimar wannan a fili take. Da ba a hana hoton rayayyu ba, da ba a rasa gwamnan da fadawansa za su ba shi shawarar ya dawwamar da fuskarsa a kan kuɗin ƙasa ba.

Abin da Jihohi Suka Zaɓa

Hausawa suna cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma haka abin ya kasance. Delaware ta sa Caesar Rodney bisa doki, wakilinta wanda ya yi tafiyar dare zuwa Philadelphia a 1776 domin ya kaɗa ƙuri'ar neman 'yancin kai. Wisconsin, jihar makiyaya, ta sa saniya da cuku da zangarniyar masara. Kansas da North Dakota suka sa ɓaunan dajinsu. Alabama ta sa Helen Keller, matar da ta rasa gani da ji tun tana jaririya amma ta yi ilmi ta zama marubuciya, aka kuma rubuta sunanta da rubutun makafi. Hawaii ta sa Sarki Kamehameha na Ɗaya, wanda ya haɗa tsibiranta ƙarƙashin sarauta guda, tare da taken jihar cikin harshen mutanen Hawaii. Wannan abin lura ne, domin a 1893 aka tumɓuke sarautar Hawaii, a 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran, ga shi bayan shekara ɗari da goma sarkinsu ya hau kan kuɗin jamhuriyar da ta gaje shi.

Ba a rasa gardama ba. Jihohi biyu sun yi ja-in-ja a kan jirgin sama. North Carolina ta sa jirgin 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, a sulenta na 2001, domin a ƙasarta ya fara tashi a 1903. Shekara ta zagayo Ohio ta sa jirgin a nata, domin a garin Dayton da ke cikinta aka ƙera shi. Duka biyun suna da gaskiya, hukuma kuma ta bar kowace ta faɗi tata. A Nebraska an kawo zanen Standing Bear, shugaban ƙabilar Ponca wanda ya yi nasara a kotu a 1879 aka yarda cewa ɗan asalin ƙasar mutum ne a idon doka, amma gwamna ya zaɓi hoton wani dogon dutse da keken shanun baƙin da suka yi ƙaura zuwa yamma. Wannan ya nuna cewa ba wa jiha ikon zaɓe bai kashe tambayar wa za a nuna ba, ya dai sauko da ita daga matakin ƙasa zuwa matakin jiha, inda masu rinjaye su ma za su iya danne marasa rinjaye.

Haka kuma an bar wasu a baya. Gundumar Columbia, inda babban birnin ƙasar yake, da yankuna biyar da ke ƙarƙashin Amurka amma ba jihohi ba ne, irin su Puerto Rico da Guam, ba su cikin shirin. Sai da aka yi wata doka aka ba su nasu a 2009. Mutanen Gundumar Columbia sun nemi a rubuta a jikin sulensu cewa suna biyan haraji alhali ba su da wakilci, domin ba su da mai kaɗa ƙuri'a a Majalisar Dokoki. Gidan buga kuɗi ya ƙi, bisa dalilin cewa maganar ta gardamar siyasa ce. Daga ƙarshe aka sa mawaƙi Duke Ellington, ɗan asalin birnin, a gefen fiyanonsa.

Akwai kuma darasin New Hampshire. A 2000 jihar ta sa wani dutse na tsaunukanta wanda in an dube shi daga gefe sai a ga kamar fuskar tsoho. A watan Mayu na 2003 dutsen ya rufta. Sulen ya ci gaba da yawo a hannun mutane, ya zama shaidar abin da babu shi.

Ta fuskar kuɗin shiga kuwa, shirin ya biya kansa har da riba. An buga sulalla fiye da miliyan dubu 34 cikin shekaru goman, kuma gidan buga kuɗi ya ƙiyasta cewa wajen rabin mutanen ƙasar sun tara su, wasu da gaske, wasu jefi-jefi. Abin da ake kashewa wajen ƙera sule ɗaya a lokacin bai kai rabin darajarsa ba, gwamnati kuwa tana ba da shi a kan cikakken senti 25. Duk sulen da wani ya adana a gida sai an buga wani a madadinsa, bambancin ya shiga baitulmali. An ƙiyasta ƙarin ribar da aka samu ta wannan hanya a kan kimanin dala miliyan dubu 3. Wannan ya sa aka biyo da wani jerin daga 2010 zuwa 2021, mai nuna gandun daji da wuraren tarihi na kowace jiha.

Misalai Daga Turai

Jamus, wadda ita ma tarayya ce mai jihohi 16, ta bi sahu a kan sulen yuro 2. Ƙa'idar ƙasashen da ke amfani da yuro ita ce fuska ɗaya ta kowa ce, ɗaya fuskar kuma ta ƙasar da ta buga. Daga 2004 aka yarda kowace ƙasa ta buga sulen tunawa, amma na yuro 2 kaɗai. Jamus ta warware matsalar jeri da wata dabara ta dabam. Majalisar Jihohinta, wadda ake kira Bundesrat, tana da shugabanci na karɓa-karɓa, kowace jiha shekara guda. Sai aka ce jihar da take riƙe da shugabancin ita za ta hau kan sule. An soma a 2006 da ƙofar ganuwar birnin Lübeck domin jihar Schleswig-Holstein, aka sa babbar majami'ar Cologne a 2011, fadar Neuschwanstein ta Bavaria a 2012, aka kammala da fadar Wartburg ta Thuringia a 2022. A 2023 aka soma zagaye na biyu da Hamburg. Jamusawa sun taƙaita zagayen farko ga gine-ginen tarihi, abin da ya rage gardama ƙwarai, sai dai ya sa sulallan sun fi ba da labarin sarakuna da majami'u fiye da rayuwar talakawa.

Biritaniya ba tarayya ba ce a tsarin mulki, amma ta ƙunshi al'ummomi huɗu. Bayan ta fito da sulen fam ɗaya a 1983, sai ta riƙa juya bayansa tsakaninsu, kowace da tsiron da aka san ta da shi: wata ƙaya mai fure domin Scotland a 1984, wani ɗan'uwan albasa domin Wales a 1985, tsiron da ake saƙa lilin da shi domin Ireland ta Arewa a 1986, da itacen oak domin Ingila a 1987. Da aka sauya sulen a 2017, sai aka haɗa alamun al'ummomin huɗu a fuska guda suna fitowa daga cikin kambi ɗaya.

Beljiyam ta nuna iyakar wannan 'yanci. A 2015 ta shirya sulen yuro 2 domin cika shekara 200 da yaƙin Waterloo, wanda aka gwabza a ƙasarta, inda aka karya Napoleon. Faransa ta ƙi amincewa, tana mai cewa bai dace kuɗin da zai shiga aljihun Faransawa ya ɗauki abin da zai sosa musu rai ba. Beljiyam ta janye, alhali ta riga ta buga wajen 180,000. Daga baya ta fitar da zanen a kan sulen yuro biyu da rabi, wanda a cikin Beljiyam kaɗai doka ta san da shi, aka sayar wa masu tarawa. Watau abin da ba zai karɓu ga dukkan masu amfani da kuɗi ba, tilas ya koma cikin akwati.

Waiwaye a Kan Kuɗaɗen Nijeriya

Nijeriya ba ta taɓa buga jerin sulalla na jihohi ba, amma tunanin nuna sassan ƙasa a kan kuɗi ba baƙo ba ne a gare ta. Kafin 1959 Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya sun yi tarayya a kuɗi ɗaya na Afirka ta Yamma. Da Babban Bankin Nijeriya ya fito da kuɗin ƙasa a 1959, sai aka sa auduga a bayan taro, koko a bayan sisi, ganyen kwakwar manja a bayan sule, gyaɗa a bayan fataka. Duk wanda ya san ƙasar a lokacin ya san auduga da gyaɗa na Arewa ne, koko na Yamma, manja kuma na Gabas. Da aka koma naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu, 1973, an riƙe waɗannan amfanin gona huɗu, aka ƙara hasumiyar haƙar man fetur a bayan kwabo ɗaya. Ba a rubuta sunan kowane yanki ba, amma kowa ya ga arzikin gidansu. Dalar gyaɗa da ke bayan takardar naira 200 kuwa ta bi hanyar dutsen New Hampshire, domin dalar ta ɓace daga Kano, hotonta ya wanzu.

Shaidar cewa jama'a suna lura da abin da ke jikin kuɗinsu ta bayyana a 2007, lokacin da aka cire rubutun ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, aka maye gurbinsa da Hausa da Igbo da Yarbanci cikin rubutun boko. An daɗe ana muhawara a kan wannan a jaridu da gidajen rediyo. A wannan shekara ce kuma aka fito da sababbin sulalla na kwabo 50 da naira 1 da naira 2, amma tsadar kaya ta sa babu abin da za su iya saya, 'yan kasuwa suka ƙi karɓarsu, suka ɓace daga hada-hada.

Saboda haka duk mai tunanin irin wannan shiri a Nijeriya zai ci karo da matsaloli biyu. Ta farko, sai an sami sulen da yake da darajar da mai sayar da ƙosai za ta karɓa. Ta biyu, tsarin jeri na Amurka ba zai yi aiki kai tsaye ba, domin jihohin Nijeriya rukuni-rukuni aka ƙirƙire su: 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Jihohin da aka haifa rana ɗaya sai an nemo wata ƙa'ida da za ta raba musu gardama, ko ta harafin farko na suna, ko ta karɓa-karɓa tsakanin shiyyoyi.

Kammalawa

Daga misalan da aka kawo za a ga cewa shirin sulallan jihohi ya kan yi nasara ne in ya cika wasu sharuɗɗa. Lalle ne sulen ya zama mai yawo a kasuwa a kan darajarsa, kamar kwatar Amurka da yuro 2 na Jamus. Lalle ne a shimfiɗa ƙa'idar jeri tun kafin a soma, wadda ba ta dogara ga son ran wani mai mulki ba, kuma ta haɗa kowa, domin wanda aka bari a baya, kamar Gundumar Columbia, ba zai yi shiru ba. Sa'an nan lalle ne a bar mutanen jiha su zaɓi abin da zai wakilce su, amma cikin iyakokin da za su hana kwarzanta mai rai da kuma cin fuskar maƙwabci.

Waɗannan sharuɗɗa sun shafi ma'aikacin gwamnati ko da ba ya aiki a Babban Banki. Duk wanda aka ɗora wa nauyin zaɓar hoton kan sarki, ko sunan titi, ko abin da za a sa a bangon littafin makaranta, tambaya ɗaya yake amsawa da wadda masu buga kuɗi suke amsawa, watau wa aka nuna, wa aka bari, kuma bisa wace ƙa'ida. Bambancin kawai shi ne sule ya kan yi shekara talatin ko fiye yana yawo, kuma in an riga an sake shi cikin kasuwa, da wuya a iya tattaro shi domin a gyara kuskure.